Dabinon Kwalba da Garkar Malam Isuhu

Jiya ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi sunanta ba tunda ga ta nan zaune, ta tsaya bayana tana kallo ina yanka zuciyar dabino. Da na gama ta ce, "Tanti, ashe aikin ke nan? A yanka, a saka kwalba, a jira?" Sauran kunka yi dariya. Ban tanka ba, don in na buɗe baki gaban buɗaɗɗiyar kwalba, numfashina kaɗai ya isa ya kashe aikin wata da watanni. Yau babu kwalba a gabana. Ku aje wayoyin nan ku saurara. Sitaj, wato koyon aiki, kunka zo yi, to wannan ma yana cikin sitaj ɗin.

Kun san ni da Tanti Zali mai faɗa, ba ku san inda na fito ba. Ni 'yar Tabotaki ce, can ƙasar Buza, ɗiyar manomin hatsi da wake. Na yi makarantar lise a Tawa, na yi karatun noma a Yamai, anka turo ni wannan labo, ɗakin bincike na Madawa, ina ji da kaina kamar yadda kuke ji da kanku yanzu. Wanda na tarar shi ne Malam Attahiru, mutumin Keita, Allah ya jiƙansa. Da ƙuruciyarsa dashen itatuwa ya yi bisa duwatsun garinsu, daga baya anka tura shi ƙasashen Larabawa na arewa ya koyo yadda ake samar da dabino cikin kwalba. Ya duba takardar shaidata, ya miƙo mini abata, ya nuna mini baho da soso. Na daɗe ba abin da nake yi sai wankin kwalabe. In ya ɗaga kwalba ga hasken taga ya ga ɗigon sabulu, duk bahon zan sake.

Bayan wanki sai albasa. Ɗan dabinon da ake cirowa daga gindin uwa, daga nesa ake kawo mana shi, wajen Ingal, a bayan mota, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, kuma zuciya ɗaya tak gare shi. Malam ba ya barin sabon hannu ya taɓa ta. Albasa kuwa ba a rasa ta a Madawa. Sai ya aje mini kwando guda, ya ba ni hantsaki da wuƙar fiɗa, ya ce in ɓare ta ɓawo-ɓawo har in kai ɗan tsiron da ke tsakiya, kada yatsana ya taɓa, kada hannuna ya ratsa ta saman abin da na yanka. Idona na zubar da ruwa, shi yana tsaye a kaina yana cewa, "Gwiwar hannunki, Zali. Kin ratsa. Sake." Tufafina har gida warin albasa suke yi. Ku yanzu satinku na biyu kuna tambayar yaushe za a ba ku dabino.

Dabinon farko da ya bar ni na yi, a tsakar gida munka fara shi da adda. Ana cire ganye ɗaya bayan ɗaya, daga masu ƙaya na waje zuwa masu laushi na ciki, har abin da mutum biyu sunka ɗauko ya koma ɗan farin abu kamar babban yatsa. Da ya sha iska zai fara baƙi, saboda haka sai a jefa shi cikin ruwan tsami da sauri, daga nan ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, daga nan a ɗauraye da ruwan da anka dafa cikin tukunyar matsi. Sannan a shiga ɗaki, gaban teburin nan mai hura tatacciyar iska, fitilar alkol na ci a gefe, kowane ƙarfe sai ya bi ta wuta kafin ya taɓa nama. A yayyanka zuciyar ƙanana, a ɗora kowane yanki bisa abincin da munka dafa ya daskare a gindin kwalba: sukari, gishirin shuka, garin gawayi, da wani magani mai sa tsokar ta manta ko ita mece ce, ta shiga rabuwa kawai. A kai ɗakin duhu. Kowane wata a buɗe, a canza abinci. In anka ɗauke wuta da bazara, gurup, injin wutarmu, ya ƙi tashi, kilim mai sanyaya ɗaki ya tsaya, to duk abin da ke bisa kantocin ɗakin sai ya dahu. In fumfuna ta shiga kwalba, ta tafi ke nan. In Allah ya kiyaye duk wannan, wata rana za ka ga wani farin abu mai ɓarɓashi kamar dambu ya fito a jikin yankin. Shi muke ce wa kal. In anka janye masa maganin nan, sai ya fara fitar da 'yan tayi farare kamar ƙwayar shinkafa. Kowane ɗaya dabino ne mai zuwa, mace, irin uwarsa sak.

Wata safiya na tarar da Malam yana jera kwalaben kal cikin tukunyar matsi zai dafe su. Kal ne da ya fi kowane haihuwa, ni da kaina nake canza masa abinci. Na tare hannunsa.

"Malam, mi ya yi?"

"Ya tsufa."

"Lafiyarsa lau fa. Babu fumfuna, babu baƙi. Jiya ma ya fitar da tayi."

"Lafiyar da ido ke gani," in ji shi. Ya rufe tukunya, ya ɗaure marfi, ya kunna. Sannan ya fita waje ya dawo da wata masara mai dabbare-dabbare, kowace ƙwaya fara da ɗige-ɗigen ja, ya aje a gabana ya ce, "Kin yi karatu. Faɗa mini mi ya kawo ɗigon nan."

Ban sani ba. Abin da ya fara koya mini ran nan, da abin da na ƙara karantawa shekaru bayan haka, shi zan gaya muku, kuma shi ne ainihin sana'ar nan, ba yanka ba.

Jikin dabino, kamar naku, da ƙananan ƙwayoyin halitta anka gina shi. Cikin kowace ƙwaya akwai dogon rubutun gado, wanda kunka karanta a lakkol da sunan ADN. Shi ke faɗa wa ƙwaya yadda za ta yi ganye, yadda za ta yi fure. Amma ba duk rubutun ne umarni mai amfani ba. Akwai guntaye masu yawan gaske da ba su da aiki sai kwafar kansu, ko su ɓalle daga inda suke su faɗa wani wuri. A littafi transpozon ake ce musu, Malam kuwa 'yan tsalle yake ce musu. In ɗaya ya faɗa tsakiyar umarnin launi, launi ya ɓace. In ya fice daga baya cikin wata ƙwaya, launi ya dawo a wannan ɗigon kawai. Shi ne dabbaren masarar nan. A masara ado ne. In umarnin fure ya faɗa wa, ko kuwa ya farka kusa da shi ya hana a karanta shi daidai, to ba maganar ado.

Ƙwaya ba ta iya fitar da su daga rubutunta, sai dai ta rufe musu baki. Tana manna musu wata 'yar alama da ake ce wa metil, ta naɗe wurin tam yadda ba a iya karanta shi. Tana kuma yin wasu 'yan guntayen saƙo, ƙananan ARN, waɗanda sunka san kamannin kowane ɗan tsalle, su ke nuna inda za a sa alamar. Kamar yadda ake yi wa awaki da damina: ba a kashe su, amma suna bisa turke.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne farkon tayi. A dabba da mutum, in ciki ya shiga, ana goge mafi yawan alamun nan don sabon jiki ya fara daga farko, sannan a sake rubuta su. A wannan tsakanin 'yan tsalle na motsi. Abin da ke riƙe su shi ne guzurin da uwa ta zuba cikin ƙwai, da wasu sinadarai da tayin ke yi da wuri masu gane su su naɗe su. A shuka ba a gogewa sosai haka, amma can ma tayin da ke cikin iri ba shi kaɗai yake ba. Naman da ke kewaye da shi, wanda shi ne abincinsa, da ƙwayar da ke rakiyar garin namiji, suna sassauta nasu ɗaurin su yi guntayen saƙon nan, kuma masana na ganin don tayin ake yi, ya san waɗanda zai ƙulle. To mu fa? Mu muna fitar da tayi daga tsokar da ba a halitta don tayi ba. Babu iri, babu rakiya. Magani muke zuba wa ƙwaya mu tilasta ta ta yi ta rabuwa cikin duhu. Kowace rabuwa sai ta sake kwafar alamun nan, kuma in anka daɗe, in magani ya yi yawa, wasu na zubewa. Tayin zai fito fari tas. Zai yi saiwa, ya yi ganye, ya yi kyau. Ba abin da za ka gani sai ranar da ya isa fure, shekara huɗu ko biyar bayan ya bar hannunka.

Shi ya sa kal ke da wa'adi a ɗakin nan. In wa'adinsa ya cika, ko zinari yake haifa, tukunya za shi, mu koma ga sabuwar zuciya. Shi ya sa kuma ba mu da sauri.

Da farko mutane ba su yarda da mu ba. Na kai dashe wani ƙauye kusa da Keita, limamin garin ya ja ni gefe ya tambaye ni, tsakaninsa da Allah, ko ana buɗe baki da dabinon da ba shi da uwa ba shi da uba. Na ce masa yana da uwa, tana Ingal, in yana so in kai shi ya gaishe ta. Masu garka kuwa sun san wahalar ƙwallo: ka shuka, ka yi shekaru kana ban ruwa, rabi su fito maza, sauran ba ka san irin da za su ba ka ba. Da na farkon da munka dasa sunka yi 'ya'ya, duka mata, duka zaƙi ɗaya, sai mutane sunka fara sallama a ƙofarmu. A lokacin Malam ya riga ya rasu, labo na hannuna.

Cikin masu sallamar nan akwai Malam Isuhu, manomin albasa daga Sabon Gida, dogo, mai ƙarfin murya, tafin hannunsa kamar bawon ice. Ya ga dabinon maƙwabcinsa, ya hau moto, babur ɗinsa, ya zo. Ya ƙi zama.

"Malama, ni na gaji da albasa. Shekarad da ta yi kyau, ta kowa ta yi kyau, ba mai saye. Ka aje ta cikin rumbun rudu ta ruɓe kana kallo. Ina son iccen da ɗiyana da jikokina za su ci bayan raina."

"Sai ka yi haƙuri, Malam Isuhu. Waɗanda ke rumfa duk da masu su. Naka suna ɗakin duhu, ko ganye ba su yi ba. Shekara biyu, wataƙila fiye."

"Shekara biyu? Ni da nike ganin kwalabe cike da ɗaki?"

"Ba duk abin da ke kwalba nake bayarwa ba."

Ya kaɗe riga ya fita, ya tada moto da ƙarfi har kajin maƙwabta sunka watse.

A shekarar nan akwai wani mai sitaj irinku, Karimu, ya gama jami'a. Zan faɗi gaskiyarsa: ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kwalbarsa ba ta fumfuna. Wannan bayani da na yi muku yanzu, in ya maimaita shi sai ya fi ni tsara shi. Ya sani sarai. Shi ne abin da ke ƙona ni har yau, da jahili ne da na yafe. Na ba shi kwalaben tsohon kal ya dafe, ya sa su cikin jaka ya fita da su.

A daidai lokacin wani proje, irin shirin nan na masu kawo tallafi, ya sauka, yana son raba dabino ga masu garka na kwarin nan kafin wa'adinsa ya ƙare. Shugabansu ya zo ofishina ya faɗi yawan da yake so da lokacin da yake so. Na ce ko na kwana a labo ba zai yiwu ba, sai dai in ba shi abin da ban yarda da shi ba. Ya ce irinmu ke hana ƙasa ci gaba. Ba a jima ba na ji sun buɗe wa Karimu ɗaki a wani gari, da kilim da kanta da komai. Na san babu zuciyar dabinon da za ta ba da wannan yawa cikin wannan lokaci. Na hau mota na same shi.

"Karimu, ina ka samu kal?"

Bai ma ɓoye ba. "Ai zubarwa za ku yi, Tanti."

"Ka san abin da ya sa nake zubarwa."

"Wannan a littafi ne. Duba su da idonki. Wanne ne ba shi da lafiya a nan?"

Na duba. Ya ƙara musu magani don su yi sauri, kal ya cika kwalabe har wuya, tayi kamar an watsa shinkafa. Dashen da ke rumfarsa ya fi nawa tsawo, ya fi nawa kore. Ba ni da abin nunawa. Na je ofishin proje na yi bayani, sunka kawo mini lemo mai sanyi, sunka saurare ni da ladabi, ɗaya ya ce, "Madam, a bar matasa su ma su taɓa." Na je har Sabon Gida na sami Malam Isuhu, don na ji sunansa na cikin waɗanda za a ba. Na ce kada ya karɓa, in ma ya karɓa ya dasa kaɗan ya gani.

"Malama, ke kin ce in jira, su sun kawo min har ƙohwar garka. Ko dai ciwon ba daga hannunki ya hito ba ne?"

Na hau motata na dawo.

Ba kaɗan ya dasa ba. Ya tashi rabin fadamar albasarsa, ya sare mangwarorin da ubansa ya dasa don kada su yi wa dabino inuwa, ya gina sabuwar rijiya. 'Ya'yansa maza biyu da kan tafi ci-rani Abijan, ya hana su tafiya, ya ce ga aiki a gida. Shekara da shekaru suna ban ruwa, suna kai taki, suna kore awaki. Dabinon kuwa ya yi kyau, ban musa ba. In ya shigo Madawa ranar kasuwa sai ya tsaya da moto a ƙofar labo ya ɗaga murya, "Malama! Naki sun hito daga duhu?" Ya yi dariya ya wuce. Ni kuma ina roƙon Allah ya sa shi ke da gaskiya, don ba kowane tsohon kal ke ɓaci ba.

Shekarar da sunka yi furen farko, ya nemo furen namiji mai kyau, ya bi su ɗaya-ɗaya ya sa musu ya ɗaure, yadda ake yi. Dabino mai lafiya, kowane fure ɗa guda yake riƙewa, da ƙwallo a ciki. Nasa kowane fure sai ya fitar da 'yan ƙanana uku, wani ma fiye, manne da juna, babu ƙwallo, ba sa girma, ba sa nuna, su yi tauri su zube. Mutane sunka ce ƙuruciya ce, baɗi za su gyaru. Baɗi ta zo, haka. Kuma ba garkarsa kaɗai ba, duk inda motar proje ta sauke dashe, mafi yawa haka sunka yi.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Proje ya rufe, allonsa ya yi tsatsa a bakin hanya. Karimu ya koma Yamai. Mutane ba su san bambancin kwalbata da kwalbarsa ba, abin da sunka sani dabinon kwalba, kuma ga labo a Madawa ƙofarsa buɗe. Waɗanda sunka yi shekaru suna jiran nawa sunka aiko cewa sun fasa. Dashe mai lafiya ya girma cikin leda a rumfa har saiwa ta fasa ta shiga ƙasa, ba mai so ko kyauta. Anka jefi rumfar da duwatsu. Ma'aikata biyu da sunka fi kowa iya renon dashe, dole na sallame su, ɗaya yanzu kabu-kabu yake yi. A kasuwa wata mai tumatir ta ƙi sayar mini, ta ce ni ce matar da ta yi wa itatuwa asiri.

Malam Isuhu ya zo da hantsi, bai yi sallama ba. Ya shigo har ofis da buhu, ya juye shi bisa teburina. 'Yan dabinon nan kore sunka gangara ko'ina, har ƙarƙashin kujera.

"Ci," in ji shi.

"Malam Isuhu, ba ni na ba ka ba."

"Na sani. Shi wanda ya ba ni ina zan gane shi? Ke ce nan. Ke kin ka san abin, hwaɗa min mi ya samu iccena."

Na faɗa masa yadda zai gane: cewa akwai abin da ya kamata a ɗaure tun iccen na tayi, ba a ɗaure ba, kuma ba taki ba ruwa ba maganin feshi da zai kai wurin. Ya tambaya ko laifin ƙasarsa ne, ko namijin da ya sa. Na ce ba laifinsa ko ɗaya. Ina ganin da na ce laifinsa ne da ya fi masa sauƙi, don da ya san abin da zai gyara.

Washegari na bi shi garkar. Na ɗebi ganye da fure, daga nasa da daga nawa masu lafiya, na aika wa wata abokiyar karatuna da ke aiki a waje inda ke da na'urar dubawa. Amsar da ta zo daga baya ita ce alamun nan sun ragu a wurare da dama cikin nasa, amma ba ta iya nuna wane wuri ne ya ɓata furen ba. A kwakwar manja masana sun riga sun kama ɗan tsallen da ke yin irin wannan ɓarna, yana zaune cikin umarnin fure, in alamarsa ta zube 'ya'ya su lalace. A dabino har yanzu ba a gama tabbatarwa ba. Ba zan ce muku na san abin da ban sani ba.

Amma ran nan a garka babu wata amsa tukuna, gatari kawai ke akwai, yana hannunsa. Na ce ya dakata.

"Wani lokaci in icce ya ƙara shekaru, ƙwayoyinsa na sake ɗaure abin da ya kwance. An ga waɗanda sunka gyaru."

"Duka?"

"A'a."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

Ya dube ni. "Wancan karon kin ce in jira, ban jira ba. Yanzu kuma kin ce in jira. To ke ba ki san ranad da za su gyaru ba, ni kau na san ranad da hatsina za ya ƙare."

Ina tsaye ya sa wa na farko gatari. Dabino ba ya saruwa da daɗi, zare ne duk jikinsa, gatari na shiga yana maƙalewa. 'Ya'yansa na gefe, babu wanda ya taya shi, babu wanda ya hana shi. Kafin damina ya sare mafi yawa ya maida albasa, amma kututture da saiwa sun cika ƙasar, rijiyar kuma ta riga ta cinye abin da ya tara. Yaran sunka tafi Abijan, har yau ƙaramin bai dawo ba. Daga ƙarshe ya sayar da garkar ga wani Alhaji ɗan kasuwa na cikin gari.

Na haɗu da Karimu sau ɗaya bayan haka, a wani taro a Yamai, da rana tsaka wajen cin abinci. Ya yi ƙiba, yana wani proje na daban, na kaji ko na kifi, ban riƙe ba. Ya rusuna ya gaishe ni kamar ba komai. Na ce masa ko ya taɓa komawa Sabon Gida. Ya ce aiki ya yi yawa. Na faɗa masa abin da ya sami Malam Isuhu, da mangwaro da rijiya da yara. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Amma Tanti, ai kimiyya gwaji ce, wani ya yi, wani bai yi ba." Na aje farantina na ce masa gwaji a kwalba ake yin sa, in ya fita ƙofar labo ya shiga gonar mutum ba gwaji ba ne, abincin gidan mutum ne. Na faɗa da ƙarfi, mutane sunka juyo. Ya yi murmushi ya ce Tanti ba ta canza ba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa komai, ba wanda zai tambaye shi.

Mun daɗe kafin mu farfaɗo. Sai da na riƙa ɗaukar masu garka a mota ina kai su su ga nawa da sunka yi shekaru suna 'ya'ya, su tsinka da hannunsu su fasa su ga ƙwallo. Har yau akwai ƙauyukan da in na ce dabinon kwalba sai a tashi a bar ni da tabarma.

Bara da lokacin nunar dabino anka gaya mini wai waɗansu na garkar nan sun yi 'ya'ya. Akwai 'yan kaɗan a bakin shinge da Malam Isuhu bai kai ga sarewa ba, Alhajin kuma bai ga dalilin biyan mai sara ba, ya bar su tsaye. Na tafi in gani da idona. Gaskiya ne. Ba duka ba, amma wasu sun gyaru, nonon dabino na rataye ja wur, har an sa musu buhu don tsuntsaye. Akwai mutum bisa tsani yana yanka. Da ya sauko na ga Malam Isuhu ne. Ya rame, gemu ya yi fari. Alhaji ya ɗauke shi aiki, don duk yankin babu wanda ya san itatuwan nan kamarsa.

Munka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya zaɓi dabino ɗaya mai laushi daga kwandon da ya sauko da shi, ya goge a hannun rigarsa ya miƙo mini. Na fasa, ga ƙwallo a ciki, cikakke. Na ci, zaƙin uwarsu ta Ingal sak.

"Sun gyaru, Malam Isuhu," na ce.

"Sun gyaru, Malama."

Na kai hannu ga kwandon zan ɗauki na biyu in duba, ya janye shi a hankali ya rufe da buhu.

"Guda ta isa," in ji shi. "Ba nawa ba ne."